Masu zuwa gaɓar tekun kudancin Faransa a Yuli da Agusta, kun makara da wata shida

Duk shekara da zarar Yuli ya kama, sai hotunan Nice da Cannes da Saint-Tropez su cika intanet. Ruwa shuɗi shar, lema a jere a bakin teku, jiragen ruwan attajirai sun yi layi. Abin da hoton ba ya faɗa maka shi ne, mai ɗaukarsa sai da ya kutsa cikin ɗaruruwan mutane kafin ya sami wurin tsayawa, ya sha cunkoson motoci, ya biya kuɗin otal ninki. Ni dai a ganina, wanda Allah Ya hore wa zuwa wannan gaɓa ta Bahar Rum, ya je a tsakiyar sanyi, Janairu ko farkon Fabrairu. Na san wani zai ce, wa ke zuwa bakin teku da rigar sanyi? To, ai waɗanda suka fara zuwa wurin da rigar sanyi suka zo.

Mutane da yawa ba su san haka ba. A da, tsawon shekara ɗari da wani abu, wannan yanki wurin hutun sanyi ne zalla, da zafi ya shigo sai baƙi su tattara su koma gida, manyan otal-otal su rufe ƙofa. Cannes ɗin nan da ake ji da ita, ƙauyen masunta ce a da. A 1834 wani babban ɗan siyasar Ingila, Lord Brougham, ya nufi Italiya, sai aka tare shi a kan iyaka saboda annobar kwalara, domin a lokacin Nice ba ta cikin Faransa, sai a 1860 ta shiga. Dole ya juyo ya sauka a Cannes. Wurin ya kwanta masa a rai, ya gina gida, ya riƙa dawowa duk sanyi har ya rasu a can a 1868. Abokansa masu hannu da shuni suka bi sawunsa. Ita ma doguwar hanyar bakin tekun Nice, Promenade des Anglais, mutanen Ingila masu zaman sanyi ne suka tara kuɗi aka fara ta a farkon shekarun 1820, don su sami wurin shan iska, talakawan garin kuma su sami aikin yi. Da jirgin ƙasa ya iso Nice a 1864 sai abin ya zama gayya. Sarauniya Victoria ta yi ta zuwa unguwar Cimiez da ke Nice daga 1895 zuwa 1899. Manyan Rasha suka yi yawa har aka gina musu babban coci, aka buɗe shi a 1912, yana nan har yau. Tseren motoci na Monte Carlo ma, da aka fara a Janairun 1911, dabara ce ta jawo baƙi su baro sanyin arewacin Turai su gangaro Monaco.

Hutun zafi baƙo ne na baya-bayan nan. A shekarun 1920 wasu attajiran Amurka suka fara zama a Antibes da zafi, kwanciya a rana ya zama yayi, sannan a 1936 gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, jama'a suka kwararo bakin teku. Shi ke nan al'amari ya juye. Da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Nice cikin wuraren tarihi na duniya a 2021, a matsayin birnin hutun sanyi ta sa ta, ba don wanka a teku ba.

Me ya sa nake dogon tarihi? Saboda garin da aka gina don sanyi, a sanyi yake nuna kansa. Duba gidajen, tagoginsu da barandarsu kudu suke kallo don su kama rana. Duba lambunan, an shuka su ne da itatuwan da ke ado a Janairu. Hanyar bakin tekun mai faɗi ce babu inuwar kirki, a Agusta azaba ce da tsakar rana, amma a Janairu ita ce wurin da kowa ke so. Akwai kujeru shuɗɗa da aka jera suna fuskantar teku. Da hantsi za ka ga tsofaffin garin sun zauna a kai, riguna masu kauri, fuska a ɗage sama, ido a rufe, suna shan rana ba mai ce wa wani uffan. Bakin tekun Nice kuwa ba yashi ba ne, tsakuwa ce mulmulalliya. Idan igiyar ruwa ta bugo ta ja da baya, sai ka ji duwatsun suna gungurawa, ƙara kamar ana tsiyaye gero a ƙwarya. A Agusta ba ka jin wannan, hayaniya ta danne shi.

Sanyin ma ba irin wanda kuke tsammani ba ne. Tsaunukan Alps sun tsaya a bayan yankin sun tare iskar arewa, teku kuma yana riƙe ɗumin da ya tara da zafi yana sakinsa a hankali. Shi ya sa a Janairu ma'aunin zafi a Nice da rana yakan kai kusan digiri 13, da dare ya sauko wajen 5 ko 6, a daidai lokacin da Paris ke lulluɓe da hazo da toka-tokar sama. Ruwan sama mai ƙarfi ya fi yawa a Oktoba da Nuwamba. Iskar sanyi ba ta riƙe tururi da yawa, don haka sararin sama yakan washe tas, har a wasu safiyoyi idan ka hau tudu kana iya hango tsaunukan tsibirin Corsica can cikin teku. Ka juya baya kuma ka ga dusar ƙanƙara fari fat a kan Alps. Wuraren wasan zamiya irin su Auron da Isola 2000 tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce a mota daga Nice. Mai zane Henri Matisse ya zo garin ne a Disambar 1917, hasken wurin ya riƙe shi, kuma a can aka binne shi.

Sai furanni. Itacen mimosa, wanda aka kawo daga Ostareliya a ƙarni na 19, a Janairu da Fabrairu yake fure, tuddai su koma rawaya gaba ɗaya tun daga Bormes-les-Mimosas har Grasse, garin turare. Mai zuwa a Yuli ganye kawai zai tarar.

Amma abin da ya fi jan hankalina ba yanayi ba ne, mutane ne. Garin da baƙi suka cika shi, mutanensa kan zama ma'aikata kawai. Mai sayar da shayi bai da lokacin kallon fuskarka, mai shago ya gaji da tambaya iri ɗaya, kowa jira yake ka biya ka ba wani wuri. Ba laifinsu ba ne, a wata biyu zuwa uku suke neman abincin shekara. Da sanyi kuwa garin ya koma hannun masu shi. Kasuwar Cours Saleya da ke Nice ta cika da matan unguwa masu cefane, yara na tafiya makaranta, dattawa na jifan ƙwallon ƙarfe a dandali suna gardama a kan wanda ya fi kusa. Ka yi tambaya a tsaya a amsa maka. Hanyoyin ƙafa da suka kewaye Cap Ferrat da Cap d'Antibes, inda da zafi ake bin juna a layi, sai ka yi tafiya mai nisa kai da ruwa kaɗai. Kuɗin otal ma ya sauko ƙwarai, ko da yake ban so a ɗauka hujjata ita ce arha.

Ba zan yi muku daɗin baki ba, akwai abin da za ka rasa. Ruwan teku yana wajen digiri 13 ko 14, wanka sai masu taurin rai, kuma akwai su, za ka gan su da sassafe suna fitowa jikinsu ja wur. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, da ta faɗi kuma sanyi ya sauko nan take. Ƙananan garuruwan da yawon buɗe ido ne kaɗai sana'arsu, irin Saint-Tropez, otal da gidajen abinci da yawa a kulle suke, don haka a manyan garuruwa ya kamata ka sauka, Nice ko Menton ko Antibes, inda mutane ke zaune shekara gaba ɗaya. Kana iya yin rashin sa'a ka faɗa makon ruwa. Wanda kuma burinsa ya je a gan shi, ya ɗauki hoto a cikin taro, gaskiya Janairu ba nasa ba ne, ya jira Mayu lokacin bikin fina-finan Cannes.

Wanda kuma yake son sanyin amma bai son shiru, Fabrairu ne watansa. Ana bikin kanibal na Nice, wato bikin jerin gwano da kaɗe-kaɗe a titi, ana kuma bikin lemo a Menton, wanda aka fara a 1934. A nan ake gina manyan siffofi, wasu sun fi gida tsayi, a lulluɓe su da lemon tsami da lemon zaƙi sama da tan 100, kowane ɗaya an ɗaure shi da roba a jikin waya. Abin dariya, yawancin lemon daga Sifaniya ake kawo shi, domin na Menton ɗin kaɗan ne kuma ya fi ƙarfin a yi ado da shi. Sai dai a waɗannan makonni jama'a kan dawo, kuɗin masauki ya sake tashi, sai ka kama ɗaki tun da wuri. Ni in an bar ni da zaɓi, tsakiyar Janairu zan ɗauka, bayan an kwashe kayan bikin sabuwar shekara, kafin a fara kafa rumfunan kanibal.