Na Je Gombe, Ban Ga Gombe Ba

Wayata ce ta ja mini. Saura kwana uku ɗaurin auren ƙanin abokinmu a Gombe, ina kwance ina latse-latse, sai na ga ashe daga filin jirgin Bauchi da ke Durum zuwa na Gombe da ke Lawanti kilomita wajen 130 ne a miƙe, jirgi ko minti 30 ba zai yi ba. Abokaina kuwa mota za su bi, kilomita kusan 150 ta Dindima da Alkaleri, ana kauce wa ramuka. Na ce musu, "Ku bi ƙasa abinku. Ni ta sama zan zo, ku same ni a can."

Mai sayar da tikiti ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, ai babu jirgin da ke tashi daga Bauchi ya sauka Gombe. Sai ka je Abuja ka canja." Da ina da wayo da a nan na janye. To amma mutum ya kira ni Alhaji, ga shi uwargida ta riga ta shaida wa maƙwabta cewa maigida zai hau jirgi. Na biya kuɗin da zai kai motar abokaina Gombe ta dawo da su, har da canjin tsire.

Ranar Asabar na sha babbar riga, na kafa hula. Awa ɗaya muka yi a sama, na sauka Abuja, wato na yi wa Gombe nisa fiye da lokacin da nake kan gadona. Jirgin sha biyu aka ce. Sha biyu ta yi, wata murya ta ba mu haƙuri da Turanci. Ƙarfe biyu ta sake ba mu. Ina tauna wani ɗan burodi mai tsadar buhun masara, sai ga hoto a WhatsApp: mutanena sun yi layi a ƙofar masallaci, an shafa fatiha. Wani ya rubuta, "Direban jirgi, ko mai ne ya ƙare?"

Dab da magariba muka sauka Lawanti, riga duk ta yamutse. Abin da wayar ba ta gaya mini ba, filin kan hanyar Bauchi yake, kafin a shiga gari. Ina tsaye bakin titi ina neman abin hawa, sai wata mota ta taka birki, na ji ana ta ƙyaƙyata dariya.

"Ranka ya daɗe, shigo mu rage maka hanya. Gida muka nufa."

Suka matsa mini a baya, kusa da kular abincin biki. Na buɗe, ƙashi ne kawai da ɗan romo.