Iskandariyya: an katange teku, gidaje na zubewa, mai kifi kuma yana jira da sikeli

Duk ɗalibin da ke karatu a Alƙahira, da duk wanda ya kai mara lafiya Masar aka samu sauƙi, wata rana sai an ce masa ya je Iskandariyya ya ga teku. Tafiyar kusan kilomita 220 ce, jirgin ƙasa kan kai mutum cikin awa uku ko ƙasa da haka. To, ya je ɗin, me zai tarar? Garin da aka kafa a bakin ruwa tun shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yau a wurare da yawa sai ka biya kuɗi kafin idonka ya ga ruwan. Wannan abu akwai ciwo, kuma mutanen garin sun fi baƙo jin zafinsa.

Titin gaɓar da suke kira Kornish ya tashi daga wajen ganuwar Ƙaitbai har zuwa Muntaza. Daga Manshiyya zuwa Mahaɗɗat Raml har yanzu akwai gajeriyar katanga da kowa zai zauna ya sha iska kyauta. Da zarar an wuce Shaɗibi an nufi Sidi Gabir, Gilim da Sidi Bishir, sai shinge bayan shinge: gidajen shayi, wuraren biki, kulob-kulob na ƙungiyoyi da hukumomi, duk an dasa su tsakanin mai tafiya da teku. Hukuma tana ba 'yan kasuwa hayar bakin ruwan, su kuma su sa ƙofa. Ka biya kuɗin shiga, ka biya na kujera, ka biya na lema, wani wurin har a hana ka shiga da abincinka. Na kyautar kaɗan ne, a lokacin zafi ko wurin ajiye ƙafa babu. Shi kansa titin an faɗaɗa shi ya zama hanyar gudun motoci, hanyoyin tsallakawa na ƙarƙashin ƙasa kuma suna nesa da juna. Uwa mai riƙe da yara biyu ta ina za ta bi? Wanda ya san garin ba ya yanka titin nan da ƙafa, gara ya ƙara tafiyar minti goma ya nemi ramin tsallakawa.

Wuraren tarihin kam babu mai raina su. Sarki Ashraf Ƙaitbai ya fara gina ganuwarsa a 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar Faros mai haska wa jiragen ruwa ta tsaya. Amudus Sawari ginshiƙi ne na dutse guda, jan dutsen Aswan, tsayinsa da gindinsa kusan mita 27. Kaburburan Kom Shuƙafa, da aka gano a 1900, hawa uku ne a cikin ƙasa. Sai dai baƙo yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma wuraren tarihi da yawa a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki. Wanda katinsa bai aiki a waje haka zai tsaya a rana yana roƙon wani ya cire masa. Ɗalibi ya riƙe katin makarantarsa, rabin kuɗi ake biya da shi. A Muntaza kuwa ka sayi tikiti ka shiga lambu, amma fadar Haramlik da Sarki Fu'ad ya gina a 1932 daga waje kawai za ka kalle ta. Gidan tarihin Girkawa da Rumawa an rufe shi a 2005 da sunan gyara, ba a buɗe ba sai 2023. Shekara 18! Yaron da aka haifa ranar rufewa ya isa shiga jami'a bai taɓa leƙa shi ba. Inda zuciya ke ɗan sanyi shi ne Anfushi, masallacin Abul Abbas al-Mursi da na Imamul Busiri mai Burda da ke kusa da shi. Nan ba a sayar da tikiti, ko da yake masu tsaron takalma da masu neman sadaka ba sa barin mutum ya ja numfashi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne gine-ginen. Tsakiyar garin, titin Fu'ad da kewayen Manshiyya, magina Italiyawa da Girkawa ne suka zuba masa benaye masu baranda da ado a ƙarni na 19 da farkon na 20. Yau ɗaga kai ka gani: barandar ta tsage, rodi ya fito fili ya yi ja. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishirin ya ratsa siminti ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen asali cin wuri, sai ta kumbura ta fasa simintin daga ciki, ruwa ya ƙara samun hanya. Daga ƙasa kuma ruwan gishiri yana tasowa yana jiƙa harsashi. Maganin sananne ne: a fasa simintin da ya lalace, a kankare rodin, a canza wanda ya cinye, a shafa maganin tsatsa, a mayar da siminti mai kauri, a gyara bututun da ke yoyo. Wa zai biya? Kafin a sauya ta a 2025, tsohuwar dokar haya ta daskarar da kuɗin haya shekaru da dama, har mai gida yana karɓar abin da bai sayen buhun siminti. Sai ya zuba ido gidan ya ruɓe, don filin ya fi masa ginin daraja. An yi doka mai lamba 144 a 2006 don kare gidajen tarihi, masu gidaje suka yi ta zuwa kotu ana cire nasu daga jerin. Haka aka sa katafila a gidan Agiyon, wanda shahararren maginin Faransa Ogust Pere ya zana, a 2014. A gurbin irinsu sai dogayen benaye marasa izini. A 2017 wani bene mai hawa fiye da goma a unguwar Azarita ya kishingiɗa ya jingina da na tsallaken titi. Da damunar sanyi ta zo da guguwar da suke kira nawwa, magudanai su cika. Ambaliyar Oktoba 2015 ta kashe mutane har gwamna ya ajiye aiki.

Sai kifi, wanda shi ne rabin abin da ya kawo mutum. Ka'idar gidan kifi ita ce ka je wurin ƙanƙara ka zaɓa, a auna, a dafa. A nan ake yanka baƙo. Allon farashi na kilo ne na ɗanyen kifi, amma ba kowa zai gaya maka ba. Ana auna jatanlande da ƙanƙarar da ta daskare a jikinsa, ka biya kuɗin ruwa. Kifin buri da na dinis da yawa daga tafkunan kiwo na yankin Kafrush Shaikh suke, a ce maka na teku ne a ɗora farashi. Ka zaɓi kifin ƙarus mai kyau, a shiga da shi kicin, abin da zai fito Allah kaɗai Ya san ko shi ne. Kafin ka zauna an jera ɗahina (markaɗaɗɗen riɗi), gasasshen gauta, tsami da burodi, ka ɗauka karamci ne, sai ka gan su a takardar kuɗi. A ƙasanta kuma a ƙara kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji.

Don haka kada kunya ta hana ka. Ɗaga marfin kunnen kifin: ja mai haske ne sabo, mai ruwan ƙasa ya kwana. Ido ya zama garau a tashe, tsoka kuma in ka danna ta dawo. A girgije ƙanƙara kafin awo, ka ga sikelin yana kan sifili, a rubuta maka nauyi da farashi da kuɗin girki a takarda tun kifin bai bar gabanka ba. Babba ɗaya lissafa masa gram 400 zuwa 500 na ɗanye, kada a tura maka kilo guda. Faɗi irin girkin da bakinka: singari, wato a buɗe shi a gasa da albasa, tumatir, tafarnuwa da kayan ƙamshin da suke kira kamun, ko kuwa gashin dusa da ya dace da buri saboda kitsensa. Abin da ba ka nema ba ka ce a ɗauke tun ba a taɓa ba. Hantar Iskandariyya ma, da ake soyawa da tafarnuwa da barkono a zuba a burodin fino, a saya inda ake soya ta a gabanka, domin wadda ta jima a faranti ana ɗumamawa ita ke kwantar da mutum.

In an fito, tasi mai baƙi da rawaya yana nan, mitarsa ba ta aiki. A gama ciniki kafin a buɗe ƙofa, a kuma tabbatar farashin na mota ne gaba ɗaya, don wasu sai an isa su ce na kowane mutum ne.