Lanhon Yamai: muna biya, to a gwada muna inda yake zuwa

Duk safiya in ka shiga kasuwar Katako ko ta Wadata a Yamai za ka ga mai tike na meri yana bin tebur-tebur, mai tumatir ta kwance bakin zane ta ba shi 'yan canji, ya yage mata takarda ya wuce. Wata tsohuwa da nike sayen yakuwa wajenta ta ce min ita shekara da shekaru tana biya, ba ta taɓa sanin aljihun wa kuɗin ke shiga ba. Ta yi gaskiya, kuma wallahi har masu boko da yawa ba su sani ba.

Yamai fa ba meri guda ba ce. Tun dokar 2010 aka ba ta matsayi na musamman tare da Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai babbar merin birni a sama, ƙarƙashinta arondisma biyar, ta biyar ita ce ƙetaren kogi wajen Harobanda, ga kuma gwamnan jiha wanda shi wakilin gwamnatin ƙasa ne. Da can 'yan majalisar birni da jama'a suka zaɓa su ke fidda magajin gari daga cikinsu, zaɓen ƙarshe an yi shi a Disamba 2020, amma a Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun suka naɗa masu riƙo, wanda aka naɗa ma Yamai a lokacin shi ne Kanal Boubacar Soumana Garanké. Tun kafin nan ma kujerar ba ta zaune lafiya, an tuɓe Oumarou Dogari a 2013, an tuɓe Assane Seydou a 2017.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. An ɗora ma birni shara, kanibo, fitilun hanya, kasuwanni, tashoshin mota, takardun haihuwa, amma abin da yake karɓa da hannunsa ƙanana ne: tiken kasuwa, kuɗin tasha, na allunan talla, harajin kai da mutane da yawa ba su biya sai ranar da suka zo neman wata takarda. Manyan, irin su patanti, wato lanhon masu kasuwanci, da lanhon gidaje, ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa su shiga baitulmali, sannan a maido ma birni kasonsa, in ya yi jinkiri sai kamyon shara ya tsaya babu gazuwal, ma'aikata su yi ta jiran albashi. An kafa hukumar ANFICT don tallafa ma ƙananan hukumomi amma bakin nawa za ta ciyar?

Shi ya sa shekaru da dama aka koma ma saida filaye. A yanka gonaki a yi lotisma, a samu kuɗin yau, gobe mutane su gina su tare babu hanya babu magudanar ruwa, nauyin ya sake komawa kan birnin da ba shi da ko tamma. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan ɗaya da ɗoriya a Yamai, yanzu je ka ga inda gine-gine suka kai. Mun ga ambaliyar 2020, mun ga ta 2024.

A layinmu, kafin damina samari ke shiga kanibo da shebur su kwashe leda da yashi, kowane gida kuma yana biyan mai amalanke ya ɗauke masa shara. Ke nan sau biyu muke biya, to yaya za ka ce ma wannan maigidan ya tashi da son ransa ya kai lanho?

Na san wani zai ce mu ma ba mu biya yadda ya kamata, kuma haka ne, ban musa ba. Amma wanda ke riƙe da asusu shi ya kamata ya fara. A manna kasafin kuɗin shekara a ƙofar kowace arondisma, nawa ya shigo daga kasuwa, nawa gwamnati ta maido kuma yaushe, nawa aka kashe a wace unguwa, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci, a kira masu unguwanni su ji. Yanzu da babu zaɓaɓɓun da za su tambaya a madadinmu, wannan takarda ta ma fi zama dole, kuma a fara kafin ruwan bana ya sauka.