Babban asibiti ba mayanka ba ne

Jiya da daddare a majalisarmu wani dattijo ya rantse ba za a kai ƙaninsa babban asibiti ba. Ya ce, "Yaro, ka ƙirga waɗanda aka kai can aka dawo da su a makara, sannan ka ƙirga na ƙaramin asibitin unguwa." Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa maganar ta hana ni barci.

Ƙirgarsa gaskiya ce. Amma wa ake kaiwa babban asibiti? Wanda aka jiƙa masa saiwa wata uku, kemis ya gwada, ƙaramin asibiti ya ce ya fi ƙarfinsa, sai a ɗauko shi ranga-ranga a bayan a-kori-kura. Na unguwa kuwa zazzaɓi da ciwon ciki yake gani. Yaya za a haɗa su a awo ɗaya?

Likitoci ma wannan tarko yana iya kama su. A 1986 wasu likitoci a Ingila sun kwatanta hanyoyi biyu na cire tsakuwar ƙoda, kowace hanya mutum 350. Tiyatar yanka ta yi nasara kashi 78 cikin 100, ta huda ɗan rami kuwa kashi 83. Kowa zai ce huda ta fi. To, a raba marasa lafiyar gida biyu. Masu ƙananan tsakuwa: yanka 93, huda 87. Masu manya: yanka 73, huda 69. Ko'ina yanka ke gaba! Abin da ya ɓuya shi ne girman tsakuwar. Cikin waɗanda aka yi wa yanka, 263 manyan tsakuwa gare su, alhali 270 daga cikin na huda ƙanana ne. Nauyin masu wuyar ne ya ja jimillar yanka ƙasa. Masana ƙididdiga na jingina wannan ruɗani ga Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951.

Ba ina cewa manyan asibitocinmu ba su da laifi ba. Akwai layi, akwai tsada, akwai sakaci, na gani da idona. Amma yawan gawa shi kaɗai bai isa hujja ba, sai an kwatanta mai ciwo iri ɗaya da mai ciwo iri ɗaya.

Yau bayan sallar asuba na koma wajen dattijon. Ƙanin nasa ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya zama. Na ce, "Baba, don Allah a kai shi yau, tun yana iya magana."