Wai mu koma mota mai caji

Wallahi na gaji, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowane ɗan birni ya zo ƙauyenmu bayan Ringim sai wa'azin mota mai caji, wai ba hayaƙi ba layin gidan mai. To malam a ina zan jona ta, jikin kuka? Taransifomarmu damina biyu kenan da ƙonewa har tsuntsaye sun yi sheƙa a kai, waya ma sai na kai wa mai janareto na biya, shi ma fetur ɗin yake sha! Jiya ƙanina yana cikin nuna min Tesla a Facebook wayarsa ta mutu ɗif. Ranar kasuwa na lodo gero caji ya ƙare tsakiyar yashi fa, jaki zan ɗaura mata?