Jan Biron Oga Edita

Ɗan rahoto: Oga, na dawo daga ƙauyen can bayan Anka. Amai da gudawa ne, ranka shi daɗe. Mutane kwance gindin itace, an rataye ledar ƙarin ruwa a reshe.

Edita (bai ɗago ba, yana kurɓar furar da yaron ya kawo tsaraba): Mi kac ce? Kwalara? An kai gwaji?

Ɗan rahoto: Ba a kai ba tukuna.

Edita: To ka gani. Aikin jarida ba shaci-faɗi ba ne.

(Nan kam gaskiya ya faɗa. Da ma ya tsaya nan.)

Ɗan rahoto: Sai mu ce "ana zargin".

Edita: Zargi? Wa kake zargi? Miƙo jan biro. Biron ga ya girme ka. Da shi na gyara labarin gubar dalma a 2010, lokacin da yaran Anka da Bukkuyum ke mutuwa saboda niƙan duwatsun zinari cikin gida. Duk Gusau wa ya riga ni?

(Kowa ya riga shi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi makonni suna aiki, rediyo ta gaji da faɗa, sannan ya buga a shafi na 14 da kanun "Allah Ya Albarkaci Zamfara Da Ma'adinai".)

Edita: Sanƙarau na 2017 ma, da jihar ga ta fi kowa jin jiki, biron ga ne. Ina ka ke sannan? Kana cin ƙasa. Rubuta: "Ɗan ɓacin ciki na damina."

Ɗan rahoto: Oga, an yi jana'iza fa.

Edita: Kwana ne ya ƙare. Mi ya kawo ciwon?

Ɗan rahoto: Ruwan kududdufi suke sha. Burtsatsen da Honorabul ya ƙaddamar bara ya mutu tun kafin a kwance rumfar taro.

Edita: Wanda muka buga hotonshi shafin farko? Yaro, juya jaridar ga. Wa ka gani a bango?

Ɗan rahoto: Honorabul, shafi guda, ana taya shi murna.

Edita: Albashinka ne kake kallo. Rubuta: "Burtsatse na hutawa."

Ɗan rahoto: To shi Honorabul ɗin, an ce yana asibiti a Masar.

Edita: A'uzubillahi! Manya ba su ciwo a jaridata. Umara ya tafi.

Ɗan rahoto: Umara a Alƙahira, Oga?

Edita: Hanya ce. Ka san jirgi? Ni na hau jirgi sau biyu, ɗaya har ya tashi. Kanun labari ya fito: "Honorabul Ya Jajanta Wa Al'umma Daga Ƙasa Mai Tsarki." Ka ji daɗin Hausa? Wannan ba a koyar da shi a jami'a. Hannu ne, baiwa ce. Wani gwamna ya taɓa riƙe hannun ga ya ce...

(Sai cikin Oga ya yi ƙugi irin na hadarin Agusta.)

Edita: Yaro. Furar ga, da wane ruwa aka dama ta?

Ɗan rahoto: Na ƙauyen ne, ranka shi daɗe. Burtsatse na hutawa.

Edita (ya yar da biro, ya suri buta): Kira likita! Kwalara ce! Wallahi kwalara ce!

Ɗan rahoto: An kai gwaji, Oga?