Fetur a Motar Yaya

Duk mai son jin labarin motar Yaya ya karanta nan, don bakina ya gaji da maimaitawa. Tawa tana gareji, Yaya ya ba ni aron tasa, kun dai san yadda yake ji da ita. Na ga allurar mai ta kwanta, na ce bari in yi abin arziki in mayar masa da ita da mai a ciki. Na shiga gidan mai, na tsaya a famfon da ƙafata ta saba kai ni, na sauke gilashi na ce wa yaron, "Lita 30." Ya zuba. Ni kuma ina ta danne-dannen waya.

Sai da ya zare bakin famfon zai rufe murfi na hango shi ta madubin gefe ya tsaya cak. Ya sunkuya ya kalli murfin. Ya miƙe ya kalli famfo. Ya sake sunkuyawa, har da sa babban yatsa ya goge rubutun, ko Allah zai sa ya canza. Sannan ya tako a hankali ya zo wajen tagata, ya rage murya, abin da har gobe nake gode masa a kai, ya ce, "Yallaɓai, motar nan me take sha?"

Na ce, "Mai mana."

Ya ce, "Wane iri?"

Hannuna a lokacin yana kan makulli, saura kaɗan in murɗa. Na kalli yaron, ya kalle ni. Na buɗe baki da niyyar in ce ai kowa ya san me mota take sha, sai kunnena ya tuno min da ƙarar injin da na yini ina ji, wannan gar-gar-gar ɗin da tun safe nake cewa a raina ya kamata Yaya ya kai ta a duba. Ashe lafiyarta ƙalau, haka kukan dizal yake.

Da a tsakanina da yaron abin ya tsaya, da mun rufa wa juna asiri. Amma akwai wani dattijo riƙe da jarka a bayanmu, wanda ban san lokacin da ya matso ba. Ya leƙa murfin, ya leƙa fuskata, ya juya ya fuskanci layin motoci ya ɗaga murya: "Jama'a, fetur aka ɗura wa motar dizal!" Ba wanda ya tambaye shi. Wani ya ce, "Me?" daga can nesa, sai ya maimaita masa, wannan karon har da nuna ni da jarkar. Mutane suka riƙa kashe motocinsu suna fitowa. Wata mata ta sauke gilashi ta dube ni da tausayi, ta girgiza kai, ta ɗaga gilashinta. Wannan kallon ya fi ihun dattijon ciwo.

Nan take dattijon ya yi uwa ya yi makarɓiya. "Bawan Allah, kada ka damu. Cika ta da dizal ka taka ta sosai, za ta ƙone shi." Wai shi ya ja manyan motoci, wai a ƙasashen sanyi direbobi da gangan suke ɗan tsarga fetur a dizal don kada ya daskare. Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba, an yi hakan a da, a tsofaffin injuna, kuma ɗan kaɗan ake sawa. Ni lita 30 na ɗura a tankin da ya kusa bushewa. Wani daga gefe ya ce a zuba baƙin mai a ciki ya daidaita. Dattijo ya ce masa bai san mota ba. Suka kama musu a kan motar da ba ta ɗayansu ba, ba kuma tawa ba.

Na kira bakanikenmu. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Oga, ka tayar?" Na ce a'a. "Ka murɗa makulli har fitilun gaba suka kawo?" Na ce a'a. Ya ce, "To cire hannunka daga wajen." A motocin yanzu, da fitilun nan sun kawo, famfon da ke cikin tanki ya fara tura mai gaba. Shi dizal yana da maiƙo, kuma da maiƙon nan babban famfon injin yake samun santsi, famfon da ke matse mai da matsanancin ƙarfi. Fetur kuwa wanke maiƙon yake yi. Sai ƙarfe ya kama cin ƙarfe, ɓarɓashin ya bi bututu ya shiga injekta, masu fesa mai cikin inji, ɗaya bayan ɗaya. Ga shi injin dizal ba shi da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafi ta kunna man, fetur kuma ba a haka aka yi shi ya kama ba, sai ƙwanƙwasa da hayaƙi, mota ta mutu a tsakiyar titi. Idan ba a tayar ba, a zuƙe tanki ne kawai a canza filta. Idan an tayar an yi tafiya, a fara lissafin famfo da injekta.

Na faɗa wa dattijo abin da bakanike ya ce. Ya taɓe baki ya ce, "Kuɗinka yake so."

Kuma don Allah a duba min wannan. Bakin famfon fetur kaurinsa wajen milimita 21 ne, na dizal wajen 24. Wato na dizal da ƙyar zai shiga motar fetur, amma na fetur zuruf yake shigewa motar dizal, ba ko gardama. Wasu motocin suna da ɗan marfi a wuyan tanki wanda ba ya buɗewa sai bakin famfon dizal ya tura shi. Ta Yaya ba ta da shi. Ni dai ba ni na zaɓi motar ba ranar da aka saya.

Aka ce a ture ta daga bakin famfo, layi ya taru. Bakanike ya yarda in murɗa makulli mataki ɗaya tak don sitiyari ya saku, in sa ta a firi. Matasa suka kama turi. Wanda bai taɓa juya sitiyarin mota a kashe ba bai san nauyi ba, ina ta kokawa da shi kamar mai murɗa wuyan sa, birki kuma ya ƙame. Dattijo ko yatsa bai ɗora a motar ba. Yana gaba yana tafiya da baya-baya, jarka a hammata, yana "Hagu! Hagu na ce! Kai, wannan ko tuƙin ma bai iya ba."

Daidai nan Yaya ya kira.

Na yi ta maza na ɗauka, na ce, "Yaya, ina wuni, ina hanya, ɗan wani abu ne ya tsayar da ni." Dattijo ya zuro kai ta taga ya ce, "Mai motar ne? Alhaji, fetur ya zuba mata!" Shiru. Na ɗauka layin ne ya yanke, har na duba fuskar wayar. Can Yaya ya ce, "Fita ka je wajen murfin tankin." Na fita. Ya ce, "Me aka rubuta?" Na karanta masa. Ya ce, "A cikin murfin fa?" Na karanta. Ya ce, "Duba jikin makullin." Wallahi akwai wata 'yar takarda manne a jiki, da rubutun hannunsa. Na karanta ita ma, a gaban jama'a, da muryata. Ya ce, "To." Ya kashe. Kun san wannan "to" ɗin na Yaya.

Bakanike ya iso da jarkoki da ɗan famfonsa, ya zuƙe tankin tas, ya canza filta, aka zuba dizal, ya fitar da iskar da ta shiga bututu, mota ta tashi da gar-gar-gar ɗinta. Ana cikin ɗaukar jarkokin gaurayen man dattijo ya matso ya ce tunda ba shi da amfani a wajena, a ɗan tsiyaya masa a tasa. Bakanike ya hana, ya ce ba injin da zai sha wannan ya zauna lafiya. Dattijo ya ce mu duka 'yan baƙin ciki ne.

Da zan fita na hango shi ya tare wasu sababbin zuwa yana ba su labari. A nasa labarin har na tayar da motar ta yi hayaƙi, shi ya ruga ya zare makullin. Ban ma san ko ya sayi man da ya kawo shi ba.